Yadda Ake Saye da Haɗa Gahawar Blue Mountain ta Jamaika Ba Tare da An Ɓata Ta Ba

Wanda ya saba da gahawar gwangwani, irin wadda mai shayi ke ɗiba da ƙaramin cokali, ranar da ya fara kurɓar Blue Mountain zai ɗauka an cuce shi. Babu ɗacin nan mai kama maƙogwaro, ba ta bugun kai, ga kuɗi kuma an zuba. Ni ma abin da na ce ke nan a karon farko, har na antaya mata sukari da madara, wato na binne abin da na saya da hannuna. Sai da na yi ta haɗawa ina ɓatawa kafin na gane cewa laushin nan shi ne hajar. Gahawa ce mai magana ƙasa-ƙasa, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan dabara ce ta kada a danne mata murya.

Kayan da za ka tanada

- 'Ya'yan gahawar, waɗanda aka soya amma ba a niƙa ba. Giram 250 ya isa farawa.
- Ƙaramin sikeli mai nuna giram. Idan babu, cokalin cin abinci zai yi maneji.
- Injin niƙa na hannu, mai haƙora biyu da ke murƙushewa. Idan babu, sabon ƙaramin turmi da taɓaryarsa.
- Mazurarin gahawa, irin su V60, da takardar tacewarsa. Idan babu, sabon farin ƙyallen auduga irin na tatar koko.
- Buta mai siririn baki. Butar shayi ta silba, irin ta masu ataya, tana aiki sarai.
- Ruwa mai daɗin sha.
- Agogo, ko na waya.
- Kwalba ko gwangwani mai murfin da iska ba ta shiga.
- Kofi mai kaurin baki, na tangaran.

A cikin duk waɗannan, idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi injin niƙa. Mazurari ana iya yin dabararsa, amma niƙa idan ta ɓaci babu gyara.

1. San inda ta fito, don ka iya karanta jaka

Ba dogon tarihi za mu yi ba, sai abin da zai hana a yi maka wayo.

Gahawa ta shiga Jamaika, tsibirin da ke tekun Karibiyan, a shekarar 1728, lokacin da Sir Nicholas Lawes, wanda ya taɓa zama gwamnan tsibirin a ƙarƙashin Ingila, ya kawo irinta daga tsibirin Martinik. Bayin da aka kwaso daga Afirka su suka noma ta a manyan gonakin Turawa, har zuwa 1838 da bauta ta ƙare a can. Daga nan manyan gonaki da dama suka watse, noman ya koma hannun ƙananan manoma, kuma har yau su ne mafi yawa. Irin da ake shukawa galibi Tifika ne, tsohon reshe na Arabika, ɗaya daga manyan nau'o'in gahawa biyu, wanda ba ya ba da yabanya da yawa amma yana da tsabtar ɗanɗano.

Tsaunukan Blue Mountain suna gabashin tsibirin, tsakanin Kingston da Port Antonio, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 2,256. Amma ba duk gahawar da ke jikin tsaunin ke cin sunan ba. Sai wadda aka noma tsakanin ƙafa 3,000 zuwa 5,500, kimanin mita 910 zuwa 1,700, a cikin gundumomi huɗu: St Andrew, St Thomas, Portland da St Mary. Wadda aka noma daga ƙafa 1,500 zuwa 3,000 sunanta High Mountain, ta ƙasa da haka kuma Low Mountain ko Supreme. Sama da ƙafa 5,500 daji ne da aka killace, ba a noma.

Me tsayin yake yi? Sanyi da hazo. Gajimare yana rufe gangaren yawancin yini, rana ba ta dukan itacen kai tsaye, ga ruwan sama isasshe, ga ƙasa mai gangara da ba ta riƙe ruwa. Saboda haka 'ya'yan suna nuna a hankali, ƙwayar ta yi tauri ta cika, zaƙinta ya taru. Gangaren ya yi tsanani da har inji ba ya hawa, da hannu ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka yi ja kawai. Sannan a ɓare, a wanke, a shanya, a tsince.

Daga nan tsadar take farawa. Abin da Jamaika ke nomawa bai kai kashi 1 cikin 100 na gahawar duniya ba, guguwa kuma tana yi mata ɓarna lokaci zuwa lokaci, kamar yadda guguwar Gilbert ta yi a 1988. Kan wannan ɗan kaɗan ɗin ma, Japan ce ke kwashe mafi yawa tun shekaru da dama. Sauran duniya ragowar ake rabawa. Ra'ayina, ba ɓoye-ɓoye: rabin kuɗin da za ka biya na ɗanɗano ne, rabi na ƙaranci da suna. Akwai gahawar Habasha da ta fi ta ƙamshi a kan kuɗi kaɗan. Abin da ba kasafai ake samu a wata ba shi ne yadda babu ko ɗaya daga ɗaci, tsami da zaƙi da ke taka ɗan'uwansa.

2. Karanta jakar kafin ka biya

Nan ne aka fi kwantar da mutane. Nemi abu huɗu.

Na farko, rubutun "100% Jamaica Blue Mountain". Idan ka ga kalmar "Blend" ko "Style" a kusa da sunan, haɗi ne, an zuba ɗan kaɗan a cikin wata gahawar, ko ma babu sam. Na taɓa saya a wani kanti a filin jirgin sama, ina sauri, jaka shuɗiya mai hoton tsauni. Sai da na iso gida na ga kalmar an rubuta ta da ƙananan haruffa a ƙasa. Ba ta yi muni ba, amma ba ita ba ce.

Na biyu, tambarin hukuma. Tun 1950 akwai hukumar gahawa ta Jamaika mai tantancewa, a 2018 aka haɗe ta cikin hukumar kula da amfanin gona da ake kira JACRA. Ita ke ba da lasisin amfani da sunan. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushi idan ka tambaye shi daga wace masana'anta ko gona kayansa suka fito. Sunaye irin su Mavis Bank, Wallenford da Clifton Mount sanannu ne.

Na uku, ranar da aka soya. Ba ranar lalacewa ba, ranar suya. Wadda ta yi wata ɗaya ko ƙasa da haka ita ake so. Ta wata uku a rufe tana shayuwa. Wadda ta haura wata shida, bar musu kayansu.

Na huɗu, farashi. Idan kuɗinta ya yi kusa da na gahawar da ke gefenta a kanta, araha ce da ba ta ado.

Wani abin sani: ɗanyar Blue Mountain ba a buhu ake fitar da manyan darajojinta ba kamar sauran gahawa, a gangar katako ake zuba ta, mai cin kilo 70, ko 30, ko 15. Amma hoton ganga a jikin jaka ba shaida ba ne, kowa na iya bugawa.

3. Buɗe ka duba

Zuba ɗan kaɗan a farin faranti. Ta gaske 'ya'yanta kusan kai ɗaya ne, manya, babu fasassu, babu masu ramin ƙwari, don an tsince su da hannu. Darajojin su ne Lamba 1, Lamba 2 da Lamba 3, bisa girman ƙwaya, Lamba 1 ce mafi girma. Akwai kuma wadda ake kira Peaberry, wato wadda ɗan itacen ya yi ƙwaya ɗaya mulmulalliya maimakon biyu masu faɗin ciki. Ita ƙarama ce, kuma ba aibi ba ne.

Launi ya zama ruwan ƙasa matsakaici, busasshe. Idan ta yi baƙi tana ƙyallin mai, an wuce da ita wajen suya. Za ka ji ƙauri ne kawai, wanda kowace gahawa mai araha za ta ba ka.

4. Idan ɗanya ka samu

Wani lokaci matafiyi yakan zo da ɗanya, mai launin kore-kore. Ana iya soyawa a gida, amma kada ka koyi suya a kanta. Nemi gahawa mai sauƙin kuɗi, ta Mambila ko ta Kamaru, ka ɓata kasko biyu ko uku tukuna.

Kasko mai kauri, wanda bai taɓa ganin mai ba. Ba a sa yashi kamar suyar gyaɗa. Zuba abin da zai rufe gindin kaskon shimfiɗa ɗaya, wuta matsakaiciya, hannu kuma ba ya tsayawa da juyawa. Za ta tashi daga kore zuwa ruwan ɗorawa, zuwa ruwan ƙasa. Wajen minti 8 zuwa 12 za ka ji ta fara fashewa, ƙas-ƙas, kamar gugguru. Rage wuta. Bayan ƙarar ta lafa da kamar minti ɗaya, sauke. Idan ka tsaya har ka ji fashewa ta biyu, mai sauri kuma siririya, da hayaƙi mai yawa, ka wuce. Juye a faifai nan take ka bakace, ɓawon ya tashi, ita kuma ta huce da wuri, don zafin jikinta yana ci gaba da soya ta. A waje ake wannan aiki, hayaƙin ba na ɗaki ba ne. Bar ta ta kwana uku zuwa biyar kafin ka sha.

5. Ajiya

Iska, zafi, haske da danshi ne maƙiyanta. Zuba a kwalba mai murfi, sa a wuri mai duhu, nesa da murhu da kayan yaji. Gahawa tana zuƙar wari kamar soso: ajiye ta kusa da daddawa kwana biyu, ka sha mamaki. Kada ka sa a firji kana fitarwa kullum, raɓa za ta kwanta mata, balle inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. A zafin bazara, sayi kaɗan-kaɗan ya fi.

6. Ruwa

Abin da ke cikin kofin kusan duk ruwa ne. Ruwan rijiya mai zartsi yana kashe ɗan tsamin nan mai daɗi, ya bar ta lami. Ruwan famfo mai warin magani kuma warin zai biyo ta. Ruwan gora ko na leda mai kyau ya wadatar. Ka kurɓa tukuna: ruwan da ba ka ji daɗinsa shi kaɗai ba, ba zai gyaru a gahawa ba.

Zafin da ake so digiri 90 zuwa 94 ne. Ba sai da ma'aunin zafi ba. Bari ya tafasa, sauke, buɗe murfi, jira kamar daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya. Wanda ke wuri mai tsayi kamar Jos, ruwansa yana tafasa ne a wajen digiri 96, don haka jiransa kaɗan ne. Da hunturu ma a rage jira, buta tana hucewa da sauri.

7. Awo da niƙa

Giram 15 na gahawa, ruwa mililita 250. Wato rabin ledar ruwa ta mililita 500. Idan babu sikeli, cokalin cin abinci uku na 'ya'yan, ba tozo, sun kusa giram 15. Mutum biyu a ninka.

Niƙa abin da za ka sha yanzu kawai. Garin gahawa cikin mintuna yake fara sakin ƙamshinsa. Don mazurari, a niƙa ta kamar yashin kogi, ana jin tsakinta a yatsa. Idan ta yi laushin garin tuwo, ruwa zai tsaya a kai ya fito da ɗaci da bauri.

Mai turmi, ga gargaɗi daga wanda ya ƙone: kada ka taɓa amfani da turmin da aka daka yaji, ko an wanke shi sau goma. Na yi, na sha gahawar Jamaika mai ɗanɗanon citta da barkono, kuma ba irin daɗin jabana, gahawar Sudan, ba, wadda dama da citta aka gina ta. A sabon turmi, daka a hankali, murzawa ya fi bugu. Sannan tankaɗe da rariya: abin da ya tsaya manya a sake dakawa, ƙurar da ta fi laushi a rage ta. Injin markaɗe mai wuƙa ma yana yi, amma a taɓa a saki, a girgiza, a sake taɓawa, kada a riƙe.

8. Zubawa

Nan ne aikin, kuma minti uku ne kacal.

Ɗora mazurari a kan kofi, sa takarda, jiƙa ta da ruwan zafi sosai, zubar da ruwan. Wannan yana cire warin takarda, ya kuma ɗumama kofin. Mutane da yawa suna tsallake shi, a gahawa mai ƙarfi ba a ganewa, a wannan ana ganewa.

Zuba garin, girgiza ya kwanta daidai. Kunna agogo.

Zuba ruwa kaɗan, kamar mililita 30 zuwa 40, iya abin da zai jiƙa garin duka. Tsaya. Idan gahawar sabuwa ce za ka ga ta kumbura tana kumfa, kamar ƙullin waina da ya tashi. Iskar da suya ta bari a ciki ce ke fita, kuma in ba ta fita ba tana hana ruwa ratsa garin. Kai hancinka kusa a wannan lokacin, shi ne ƙamshi mafi kyau da za ka ji a duk aikin. Idan ba ta motsa ba sam, ta tsufa. Jira daƙiƙa 30 zuwa 45.

Sai ka ci gaba da zubawa siriri, daga tsakiya kana kewayawa zuwa waje kana dawowa, ba tare da ka zuba a jikin takardar ba, don ruwan da ya bi gefe wucewa yake bai ɗauki komai ba. Kai kusan mililita 150, dakata ruwan ya ɗan sauka, sannan ka cika zuwa 250. Buta ta kasance kusa da mazurari, kada a ɗaga ta sama kamar mai sheƙa shayi. Wancan gwanintar ta shayi ce, a nan tona garin take yi.

Ruwan ya gama sauka tsakanin minti biyu da rabi zuwa uku da rabi. Ɗauke mazurari, juya kofin da cokali sau ɗaya.

9. Idan babu mazurari

Da ƙyalle: tafasa sabon ƙyallen a ruwa zalla tukuna, ɗaure shi a bakin kofi da zare ko roba, ya ɗan lotsa ciki, ka bi matakan da ke sama. Yana ba da gahawa mai ɗan kauri fiye da takarda, ni har na fi son sa wasu ranakun. Bayan an gama a wanke da ruwa kawai, ban da sabulu, a shanya.

Da jiƙo: niƙa ta da tsaki, kamar garin kwaki. Zuba a buta ko a tulun gilashin nan mai abin dannawa, zuba ruwan duka, rufe, jira minti 4. Motsa saman da cokali, kwashe kumfar, ƙara minti biyu garin ya kwanta, sannan ka tsiyaye a hankali ta rariyar shayi. Kada ka bar ta zaune a kan garin, ɗaci za ta ci gaba da ja.

Abin da ba a yi shi ne ɗora ta a wuta ta yi ta tafasa, ko a zuba a filas tun safe a sha da la'asar.

10. Sha, sannan ka gyara

Kada ka kurɓa da zafinta. Ba ta minti uku ko huɗu. Kofin farko a sha shi haka nan, ba sukari, ba madara, ba kanumfari, don ka san abin da ka saya. Kurkure baki da ruwa idan ka ci goro ko wani abu mai yaji.

Abin da za ka nema: garɗi irin na soyayyiyar gyaɗa, ɗan ɗanɗanon cakulan, zaƙi mara nauyi da ke fitowa bayan an haɗiye, tsami kaɗan mai tsabta, wani lokaci da ƙamshin fure ko ɗanyen ganye. A baki tana da santsi, kuma ba ta barin bauri a harshe. Tana ƙara buɗewa yayin da take hucewa, kurɓar ƙarshe takan fi ta farko zaƙi. Kada ka jira ta buge ka kamar ta gwangwani: Arabika tana da kusan rabin sinadarin hana barci da ke cikin Robusta, ɗaya babban nau'in gahawa, wadda galibi da ita ake yin ta gwangwanin.

Idan ba ta yi ba, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Ta yi ɗaci ko bauri, ruwan kuma ya daɗe bai sauka ba: niƙar ta yi laushi, ƙara mata tsaki, ko ka bar ruwan ya ɗan ƙara hucewa.

Ta yi tsami mai kaifi, ruwan ya zube cikin ƙasa da minti biyu: niƙar ta yi tsaki da yawa, ko ruwan ya huce.

Ta yi tsararo, ba ɗaci ba tsami: ƙara gahawa zuwa giram 17, ruwan yana nan yadda yake. Wannan ne gyaran da na fi yi wa baƙi da suka saba da mai ƙarfi. Ƙarin gari ke kawo kauri, ba ƙarin lokaci ba.

Ta yi salam, babu ƙamshi, kuma ba ta kumbura ba lokacin jiƙon farko: ba laifin hannunka ba ne, ta kwana da yawa. Sha da madara kada a yi asara, ka duba ranar suya a saye na gaba.

Rubuta abin da ka yi kowace rana a bayan takarda ka liƙa a jikin kwalbar: giram nawa, lambar da ka sa injin niƙa, minti nawa ruwan ya ɗauka. Jakar giram 250 kofi 16 ce, kuma uku na farko galibi a neman saiti suke tafiya.